Nazarin lamari: Hayaniyar da ta hana wani malami a Jigawa ɗaukar hoton gajimare daga tauraron ɗan'adam

Asalin lamarin

Wanda abin ya shafa malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye na yankin Haɗeja a Jihar Jigawa. Mutanen garin manoma ne, shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu. Turakun lantarki sun daɗe da isowa amma wutar ba ta cika leƙowa ba, shi ya sa kusan komai da sola ake yi: cajin waya, fitilun masallaci, firjin mai ruwan sanyi, da rijiyar burtsatsen da ke bayan katangar makaranta. Malamin yana zaune a gidan malamai da ke cikin harabar makarantar.

Tun yana yaro yake da son rediyo, irin yaran nan da ke kwance bayan akwatin mahaifinsu don su ga inda muryar BBC da ta Jamus ke fitowa. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje da yawa a Jigawa, ɗalibai suka dame shi da tambaya kan yadda ake ganin hadari tun kafin ya iso. A wajen neman amsa ne ya gano cewa akwai taurarin ɗan'adam na hukumar yanayi ta Amurka, wato NOAA, da ke watso hoton abin da suke gani a fili, ba kulle ba kuɗi, duk mai eriya zai iya kamawa. A lokacin guda uku ne ke aiki: NOAA-15 da aka harba a 1998, yana watsawa a megahaz 137.620, NOAA-18 na 2005, a 137.9125, da NOAA-19 na 2009, a 137.100. Suna shawagi a nisan kilomita 800 da 'yan kai daga ƙasa, suna bi ta saman duniya daga arewa zuwa kudu ko daga kudu zuwa arewa. Kowane wucewa kimanin minti 15 ne ko ƙasa da haka daga fitowa zuwa faɗuwa.

Burinsa ɗaya ne: ya samu hoton rana mai tsabta a lokacin da ɗalibai ke makaranta, su ji sautin da kunnensu, su ga hoton yana fitowa layi bayan layi. Sauraro kawai yake yi. Watsa sigina a mitocin masu sha'awar rediyo sai da lasisin gwamnati da lambar kira, wadda a Najeriya take farawa da 5N, shi kuma ba shi da ita.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: haɗa kaya

Kayan ba su da yawa. Akwai 'yar na'urar RTL-SDR, mai girman filashi, da ake soka wa kwamfuta ta mayar da ita rediyo mai kama mitoci daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Akwai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, da manhajar SatDump wadda ke mayar da sauti hoto. Eriyar kuma da hannunsa ya yi: sandunan walda na tagulla guda biyu, kowace santimita 53.4, a kwance, an buɗe su digiri 120 kamar harafin V, bakin yana kallon kudu. Ya ɗaure ta a kan gora, ya jawo wayar dish mai tsawon mita 15 zuwa ɗakinsa.

Daren farko ya ji sautin: wani siririn fito da ƙwanƙwasa a cikinsa, tik-tok, tik-tok, sau biyu a daƙiƙa, domin layi biyu na hoto tauraron ke aikowa a kowace daƙiƙa. Hoton da ya fito dai duk zane-zane ne. Abu biyu ya gyara a makon. Faɗin mitar da ya sa ya yi kaɗan, ya buɗe shi zuwa kusan kilohaz 40, don siginar ta samu wuri har da 'yar gocewar da take yi ta kimanin kilohaz 3 sama da ƙasa saboda gudun tauraron. Sannan ya lura idan ya zare cajar kwamfuta daga inbata, zanen yakan ɓace. Daga nan ya riƙa aiki da batirin kwamfuta kaɗai, inbata a kashe.

Hotunan dare suka fito fes. Sai dai hoton dare na zafi ne, ba na haske ba: gajimare mai sanyi ya fito fari, ƙasa ta fito duhu-duhu, ba a rarrabe tafki da tudu sosai. Kuma da dare ɗalibai suna gida.

Na rana ne suka ƙi. NOAA-15 da ke wucewa da sassafe yakan ba da hoto mai kyau, amma hasken bai gama sauka ba, tauraron kuma ya tsufa, injin da ke juya madubinsa yana yawan ciwo. NOAA-19 da ke biyo baya wata rana ya yi kyau, wata rana ya lalace. NOAA-18 da ke zuwa da hantsi, wanda shi ne ya fi dacewa da lokacin darasi, kusan kullum a lalace yake: tsakiyar hoton kaɗai ke fitowa, daidai lokacin da tauraron yake tsakar ka, sama da ƙasa kuma sai yayyafin fari da baƙi.

Mayu zuwa Yuli 2024: abubuwan da aka gwada suka ƙi

Zargin farko ya faɗa kan zafi. Na'urar takan yi zafi har ba a iya riƙe ta, ga zafin bazara a kai. Ya naɗe ta a leda, ya ɗora a kan wuyan randa, ya rufa da jiƙaƙƙen tsumma. Ta yi sanyi, hoton bai canja ba.

Sai ya koma kan eriya. Ya ƙara mata tsawo, ya ɗaure gorar a jikin ginin ɗakin gwaje-gwaje har ta haura rufi. Abin ya ƙara muni. Ya sauko da ita, ya rage wayar daga mita 15 zuwa 5, ya sake yin haɗin da dalma. Siginar ta ɗan ƙaru, hayaniyar ma ta ƙaru tare da ita.

A watan Yuni ya aika Kano aka sayo masa abu biyu da masu wannan harka suka fi ba da shawara. Na farko matatar da ke toshe tashoshin FM na megahaz 88 zuwa 108, domin a birane ƙarfin waɗannan tashoshi yakan cika na'urar har ta kasa jin komai. Ya sa ta, babu abin da ya motsa ko da ƙwayar zarra. Na biyu amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da ake ɗaurawa a gindin eriya. Wannan kam ɓata lamarin ta yi: layin da ke nuna ƙarfin hayaniya a allon kwamfuta ya yi tsalle, ɗan tsakiyar hoton da ake samu a da shi ma ya fara yayyafi. Kamar mutum ne ya kasa jin mai magana a tsakiyar kasuwa, sai ya ɗauko lasifika ya ƙara wa kasuwar gaba ɗaya murya. Ya cire ta ya jefa a durowa.

Da damina ta kankama sai wani abu ya ƙara rikita shi. Ranar da aka tashi da hadari ko aka kwana ana ruwa, hoton hantsi yakan fito da kyau. Ranar da gari ya waye tas, sai ya lalace. Har ya fara gaya wa abokan aikinsa cewa ruwa ne ke wanke iska. Wani malamin kuma ya ce ai rana ce da kanta ke yi wa siginar kutse.

Agusta zuwa Satumba 2024: littafin rajista

Da hutu ya zo ya daina sayen kaya. Ya ɗauki littafin rubutu mai shafi 40 ya ja layuka: kwanan wata, lokaci, yanayin sama, da tsayin layin hayaniya a allo. Bai ma jira tauraro ba. Ya tsayar da na'urar a megahaz 137.5, inda babu mai watsa komai, ya kulle ƙarfin karɓarta a wuri ɗaya don kada awon yau ya bambanta da na gobe, ya riƙa dubawa duk bayan awa ɗaya daga asuba zuwa isha'i.

Cikin mako uku tsarin ya fito. Da asuba shiru. Tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe layin yakan tashi, kuma ba a hankali yake tashi ba, lokaci guda yake tsalle, da kimanin desibel 12 (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan) sama da na dare. Yakan zauna haka har la'asar sakaliya, sannan ya faɗi lokaci guda. Idan gajimare mai kauri ya rufe rana, yakan faɗi, ya dawo bayan 'yan mintuna da wucewarsa. Wasu ranakun kuma da tsakar rana, rana tana ƙwallewa, sai ya yi shiru na kusan awa ɗaya ba dalili.

Wannan ya fitar da mutum biyu daga zargi. Dogon ƙarfen sabis na kamfanin waya da ke bakin titi dare da rana yake aiki, ba ya jiran hantsi. Rana kuma ba ta kunnuwa da kashewa kamar an danna maɓalli. Abin da ya rage shi ne wata na'ura da ke farkawa idan rana ta yi ƙarfi. Matsalar ita ce a garin da kowane gida na uku yake da farantin sola, wannan bayani bai nuna ƙofar kowa ba.

Oktoba 2024: farauta

Masu sha'awar rediyo suna da wani wasa da suke kira farautar yanyawa: a ɓoye ƙaramar na'urar watsa sigina a daji, 'yan wasa su bazu da eriya mai nuna alƙibla suna nema. A gasa akan yi shi a megahaz 144 da kuma 3.5. Malamin ya ɗauki dabarar ya juya ta kan hayaniyarsa.

Shi da 'yan kulob ɗin kimiyya suka haɗa eriyar da 'yan wannan wasa suka saba yi da tef ɗin awo na ƙarfe, irin na magina. Yanka uku ne a kan fayif ɗin roba: na baya santimita 105, na tsakiya 90 wanda aka raba biyu aka haɗa wa waya, na gaba 89. Tsakanin na baya da na tsakiya santimita 20, tsakanin na tsakiya da na gaba 32. Amfanin tef shi ne idan ya bugi reshe sai ya lanƙwashe ya dawo, ba ya karyewa, amma bakinsa yana yanka, sai da suka naɗe kowane da salatif. Suka soka na'urar a wayar Android, suka sa ta a tsarin AM, domin a FM kunne ba ya gane ƙaruwar hayaniya da raguwarta.

Tunda ba su da izinin watsa komai, abin da suka ɓoye don koyo shi ne wani ƙwan fitila mai arha da batir, wanda malamin ya riga ya gano yana da hayaniya. Daga taku goma sha biyar ake jinsa. Da yamma, bayan babbar hayaniyar ta kwanta, wani ya ɓoye shi a cikin ciyawa, saura su nema. A nan suka koyi abin da ya fi amfani: gaban eriya yana da faɗi, yana nuna yanki ne kawai, amma bayanta yana da wani siririn gurbi inda sauti ke mutuwa, kuma wannan gurbin ya fi nuna alƙibla daidai. Suka kuma koyi cewa idan an matso kusa dole a rage ƙarfin karɓa, in ba haka ba ko'ina aka juya sai a ji abu ɗaya.

Kafin su fita gari malamin ya je wajen mai unguwa da hoton dare guda ɗaya da ya buga a takarda, ya yi bayani. Hakan ya yi rana, domin a fitar farko wani ɗan sintiri ya tare su yana tambayar ko na'urar neman ma'adinai ce.

Ranar Asabar da hantsi suka ɗauki alƙibla daga wuri uku, suna jan layi a taswirar da suka zana da hannu, da kamfas ɗin waya. Daga ƙofar makaranta layin ya nuna ginin azuzuwa. Suka zagaya ginin, babu ko waya ɗaya a cikinsa. Rufin kwanon ne ke dawo da siginar, kamar yadda yake yi wa haske. Suka soke wannan layin suka koma fili. Daga tsakiyar filin ƙwallo layin ya nuna arewa maso gabas. Daga bayan masallaci ya nuna arewa maso yamma. Inda layukan biyu suka gamu, bayan katanga ne, wajen tankin ruwa. Wata ɗaliba 'yar aji uku ce ke riƙe da eriyar a taku na ƙarshe. Ta rage ƙarfin har ƙasa, ta nufi akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin farantan sola, ta ce, "Malam, ga shi nan, har cikin haƙorina nake jin sa."

Daga akwatin zuwa inda gorar eriya take, mita 70 ne.

Nuwamba 2024: gaban kwamitin ruwa

Akwatin shi ne kwantirolan famfo. Aikinsa ya karɓi wutar farantai ya mayar da ita irin wadda injin da ke cikin rijiya yake so, kuma yana yin haka ne ta hanyar datse wutar da sake ta sau dubbai a daƙiƙa. Kowace datsewa tana fitar da 'yar hayaniyar rediyo, dogayen wayoyin da ke shiga akwatin da masu fita kuma su zame mata eriya. Ba ya tashi sai rana ta kai wani ƙarfi. Shirun tsakar rana da ya rikita littafin rajista kuwa, lokacin da tanki ya cika ne, maɓallin da ke yawo a kan ruwa ya kashe injin.

Saura tabbatarwa. Malamin ya samu shugaban kwamitin ruwa, dattijo ne da makullin akwatin ke hannunsa.

"Baba, alfarma nake nema. A kashe na minti biyu kawai, mu ga abin da allo zai nuna."

"Malam, minti biyu ba komai ba ne. Amma kada gobe ka dawo ka ce awa biyu."

Aka kashe, layin ya faɗi. Aka kunna, bayan ɗan jinkirin da akwatin ke yi kafin ya tashi, layin ya koma inda yake. Sau uku aka maimaita.

Malamin ya nemi a riƙa kashewa na minti 15 a ranakun darasi. Kwamiti ya ƙi. Hantsi ne lokacin da yara da 'yan garuwa ke layi, rani yana tafe, kuma ba sa son hannu ya yawaita a kan akwatin da idan ya lalace sai an yi karo-karo. Abin da suka yarda da shi shi ne idan mai gyaran sola ya zo duba famfo, malamin ya tsaya tare da shi.

Da mai gyaran ya zo, aka ga abu biyu. Wayoyin farantai guda biyu ba tare suke tafiya ba, ɗaya ta bi ƙafar dama ta ƙarfen, ɗaya ta bi ta hagu, sun yi wani babban zobe. Wayar da ya kamata ta haɗa akwatin da ƙasa kuma an yanke ta, ga alama don tagullar. Bayan faɗuwar rana, saboda wutar farantai a jere tana iya kisa, mai gyaran ya haɗe wayoyin biyu ya murɗe su tare, ya kafa sabon ƙarfe a ƙasa ya ɗaura akwatin, ya maƙala zobban ferait a bakin shiga da bakin fita, irin ƙullutun nan da ake gani a wayar cajar kwamfuta. Washegari hayaniyar ta ragu da kimanin desibel 4. Hoton ya faɗaɗa, bai wanke ba.

Disamba 2024 zuwa Mayu 2025: ƙaura

Da eriyar tef a hannu, malamin ya bi hanyar gona yana duba allo har inda layin hantsi ya kusa daidai da na dare. Wurin yana gonar makaranta, kimanin mita 400 daga famfo, ginin azuzuwa yana tsakaninsu. Ya kafa turmin fayif a ƙasa inda za a riƙa soka gora, ya rage tsayin eriyar zuwa ƙasa da mita ɗaya, waya mita 3.

A nan aka samu hoton da ake nema. Gaɓar teku daga Legas ta lanƙwasa zuwa Kamaru, Tafkin Chadi ya fito baƙi a gefen dama, hamada ta yi fari a sama. A wasu ranakun hunturu ana ganin hazo ya taso daga arewacin Chadi, yankin Bodele, ya nufo yamma. Da farkon damina suka ga dunƙulen hadari a gabas da safe.

Manoma suka fara tsayar da shi a hanya suna tambayar ko yau za a yi ruwa. Ya riƙa ce musu hotonsa ba ya faɗin haka. Kowane ɗigo a cikinsa kilomita 4 ne, kuma hoton safe ba ya nuna hadarin da zai haɗu da la'asar. Hasashe aikin NiMet ne, hukumar yanayi ta Najeriya, masu duba hotunan taurarin Turai na Meteosat da ke sabuntawa duk bayan 'yan mintuna.

Yuni zuwa Agusta 2025: an kashe taurarin

Ranar 6 ga Yuni 2025 hukumar NOAA ta yi wa NOAA-18 ritaya. NOAA-19 ya bi baya ranar 13 ga Agusta, NOAA-15 ranar 19 ga Agusta. Tik-tok ɗin ya ƙare gaba ɗaya.

Abin da ya rage a wannan mita taurarin Rasha ne, Meteor-M lamba 2-3 da aka harba a 2023 da lamba 2-4 na 2024, waɗanda aka fi samu a megahaz 137.9. Eriya ɗaya ce, manhaja ɗaya, sai dai siginarsu ta dijital ce, kuma hoton ya fi kyau nesa, kusan kilomita 1 a kowane ɗigo. Halinta daban ne: ba ta yayyafi. Ko ta fito tas, ko a samu baƙaƙen layuka, ko babu komai. A harabar makaranta da rana ba a samu ko layi ɗaya ba. A gona an samu, da giɓi a farko da ƙarshe. Malamin ya zaro amfilifayar nan daga durowa ya ɗaura, giɓin ya ragu sosai, musamman a kan lamba 2-3 wanda siginarsa ke da rauni saboda eriyarsa ba ta gama buɗewa ba bayan harbawa.

Hukunci

A ganina kayan da malamin ya haɗa a watan Fabrairu sun isa tun farko. Hotunan dare sun riga sun shaida haka: eriya ɗaya, waya ɗaya, na'ura ɗaya, hoto fes. Duk abin da ya saya ko ya canja daga Mayu zuwa Yuli magani ne na cutar da ba ita ke damunsa ba. Matatar FM shawara ce ta mazauna birni, ƙauyen kuma ya yi nisa da kowace tasha. Ɗaga eriya sama da rufi ya sa ta hango famfon kai tsaye, babu katanga babu gini. Amfilifaya ba ta san sigina da hayaniya ba, duk abin da ya shigo take ƙarawa, shi ya sa ta cuce shi a mita 70 ta kuma taimake shi a mita 400.

Littafin rajista ne ya juya lamarin, saboda ya auna hayaniyar ita kaɗai, a wurin da babu sigina, da ma'auni ɗaya. Farautar ta yi aiki ne don an riga an san lokacin da abin nema yake a farke, kuma an yi atisaye a kan abin da aka san inda yake. Da ba su yi wasan ƙwan fitila ba, da wuya su yarda su soke layin da ya nuna ginin azuzuwa.

Kwamitin ruwa ma yana da gaskiya da ya ƙi. Gyaran wayoyin ya amfani famfon kansa, tunda akwatin da ba a haɗa da ƙasa ba hatsari ne ga mai taɓa shi, amma desibel 4 daga cikin 12 ne kawai ya bayar, nisa ne ya kawo sauran.

Abin da ba a warware ba shi ne lokaci. Meteor lamba 2-4, wanda ya fi ƙarfi kuma yake nuna hadarin la'asar yana haɗuwa, wajen ƙarfe 3 na rana yake wucewa, bayan an tashi daga makaranta. Batirin kwamfutar kuma ya gaji, da ƙyar yake kai minti 40, a gona kuwa babu inda za a soka caja.